Gado ko Kwaikwayo? Sharhi a Kan Faifan Farko na 'Yan Tailgunner

Na san tun daga ganin kan wannan maƙala wani daga cikin 'yan'uwana ɗalibai zai taɓe baki ya ce, me ya haɗa kifi da kaska? Me ya kawo kiɗan Turawa, kiɗan ma da ya fi kowanne hayaniya, cikin mujallar Ƙungiyar Hausa, alhali kuwa ba mu gama da Narambaɗa da Shata ba? To a yi mini haƙuri, a biyo ni sannu. Ni a Sharaɗa aka haife ni, cikin unguwar da masana'antu suka kewaye, kuma wannan kiɗa da zan yi magana a kansa ɗan masana'anta ne gaba da baya. Na biyu kuma, tambayar da faifan ya tayar mini ita ce wadda muke ta kai-kawo a kanta a ajin waƙar baka: in yaro ya ɗauki gangar magabata ya kaɗa ta daidai yadda suka kaɗa, gado ya yi ko kuwa kwaikwayo?

Faifan dai sunansa Guns for Hire, wato kamar a ce sojan haya. Wasu samari ne na ƙasar Birtaniya masu kiran kansu Tailgunner suka fitar da shi a watan Yuli na 1923 da ɗari, wato 2023, ta hannun wani kamfanin faifai mai suna Fireflash. Shi ne cikakken faifansu na farko, ko da yake a 2022 sun ɗan fitar da wani guntu mai suna Crashdive don gwada ruwa. Waƙoƙi goma ne a ciki. Wani abokina ne a ɗakin kwanan ɗalibai ya tura mini shi a waya, na tafi da shi gida hutu, na yi ta saurare a bakin shagon kawuna mai walda. Daga baya na gane ba wurin da ya fi nan dacewa da shi.

Irin wannan kiɗa Turawa suna ce masa hebi metal, ma'ana ƙarfe mai nauyi. Ni a nan zan riƙa kiransa kiɗan ƙarfe. Kayan aikinsa ba su da yawa: gitar lantarki guda biyu, da wata babbar gita mai kaurin amo, da jerin ganguna da faya-fayen tagulla da mutum ɗaya ke kaɗawa da hannu da ƙafa, sai mawaƙi. Abin da ya bambanta shi da sauran kiɗan gita shi ne, da gangan ake ƙure amsa-kuwwa har amon tsirkiya ya dishe ya yi gurnani kamar inji.

Inda aka haifi kiɗan

Ba za a fahimci abin da samarin nan suke ƙoƙarin farfaɗowa ba sai an san inda abin ya fito. A da, birnin Birmingham da garuruwan da ke kewaye da shi su ne cibiyar ƙira da narkar da ƙarfe ta Ingila. A wata unguwar talakawa ta wannan birni mai suna Aston aka sami samari huɗu da suka kafa Black Sabbath, waɗanda faifansu na farko ya fito a watan Fabrairu na 1970. Makaɗin gitarsu, Tony Iommi, lebura ne a wata masana'antar fallayen ƙarfe. Yana ɗan shekara 17, a ranarsa ta ƙarshe a wurin aiki, inji ya datse masa kan yatsu biyu na hannun da yake danna tsirkiya da shi. Sai ya narka roba ya yi wa yatsun hula, ya koma amfani da tsirkiya marasa kauri, daga baya kuma ya sassauta ɗaurinsu don su rage yi masa ciwo. Sassautawar nan ta ƙara wa amon gitarsa nauyi da duhu. Ka ga ke nan wani sashe na muryar wannan kiɗa daga bakin inji ya fito, ba daga makarantar koyon kiɗa ba. Mawaƙinsu kuwa, Ozzy Osbourne, wanda ya rasu a watan Yuli na 2025, har a mayanka ya yi aiki kafin ya kama waƙa. Da a ƙasar Hausa ne sai mu ce kalangu ya yi masa kira.

Bayan shekara goma sai wani sabon ayari ya taso, kuma wannan ayari ne 'yan Tailgunner suke bi. A 1980 kaɗai Iron Maiden na Landan suka fitar da faifansu na farko, Saxon na garin Barnsley mai haƙar kwal suka fitar da Wheels of Steel, Judas Priest na Birmingham kuma suka fitar da British Steel. Wannan suna na ƙarshe sunan kamfanin ƙarafa ne na gwamnati, wanda ɗaya daga cikin makaɗansu, Glenn Tipton, ya taɓa yi wa aiki, kuma a farkon wannan shekara ma'aikatan kamfanin suka yi wata uku suna yajin aiki. Lokaci ne na Margaret Thatcher, wadda ta hau mulki a 1979, lokacin rufe masana'antu da sallamar ma'aikata, wanda ya kai ga babban yajin aikin mahaƙa kwal na 1984 zuwa 1985. 'Ya'yan waɗannan leburori su ne makaɗan, su ne kuma masu cika fagen.

A nan ne ɗalibin Hausa yake da abin cewa. Malamanmu sun karkasa mana makaɗa: akwai na fada, akwai na jama'a, akwai na sana'a, akwai na maza. Mahauta suna da kalangu, manoma suna da gangar noma, maƙera suna da dundufa. A ganina kiɗan ƙarfe na shekarun 1980 dundufar maƙeran Ingila ce, sai dai an gauraya ta da kiɗan maza, irin wanda ke tsuma ɗan tauri ko ɗan dambe. Kiɗa ne mai jama'arsa, mai sana'ar da ya jingina da ita. Yayinsa ya ja baya a farkon shekarun 1990, musamman bayan da Nirvana na Amurka suka fitar da Nevermind a 1991, samari suka juya wa doguwar suma da rigar fata baya.

Kiɗa da murya

In dai kiɗa ake magana, ba ni da ta cewa sai yabo. Samarin nan sun yi karatu, kuma sun haddace. Ginshiƙin kiɗan ƙarfe wani ɗan gajeren salo ne da gita ke maimaitawa tun daga farkon waƙa, wanda da jin sa ka san wace waƙa ce. Mu muna da sunan wannan abu tun kaka da kakanni: take. Kamar yadda ganga ke kiran mutum da takensa kafin maroƙi ya buɗe baki, haka gitar ke sanar da waƙa. Makaɗin da ba ya iya ƙirƙiro take mai zama a kunne bai iya wannan kiɗa ba, ko da yatsunsa sun fi walƙiya sauri. A waƙar da aka sa wa faifan sunanta, da kuma White Death da Crashdive, taken yana da kaifi, ya kama ni tun a sauraro na biyu, har na tsinci kaina ina kaɗa shi a kan tebur a ɗakin karatu.

Gitocin biyu suna tafiya ne irin tafiyar da Iron Maiden da Judas Priest suka shahara da ita. Wani lokaci su jera a kan rauji ɗaya, guda a sama guda a ƙasa, wani lokaci kuma ɗaya ta jefa ɗaya ta cafe, kamar dai kalangu da ɗan karɓinsa. Babbar gitar kuwa, wadda Thomas Hewson, wanda ya kafa ƙungiyar, yake kaɗawa, tana yin wannan sukuwa ta doki da Steve Harris na Iron Maiden ya yi fice a kanta. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu ranar hawan daushe ya ji kofato suna dukan ƙasa lokacin jafi, ya san irin bugun da nake nufi.

Mawaƙinsu a wannan faifai, Craig Cairns, yana da murya mai tsabta da ke hawa sama ba tare da ta tsinke ba. Wannan ma komawa baya ne da gangan, domin da yawa daga cikin masu kiɗan ƙarfe na yanzu gurnani suke yi, ba ka rarrabe kalma. Shi kuwa ana jin abin da yake faɗa. Amshin waƙoƙin gajeru ne, an gina su don taron jama'a su karɓa da baki ɗaya, musamman a Revolution Scream. Wato dai jama'ar fage su ne 'yan amshi. Wannan dabara ce mai kyau, sai dai sun yawaita ta. Kafin ka kai waƙa ta bakwai ka riga ka san inda amshi zai faɗo, da inda gita za ta ɓalle ita kaɗai, da inda ganga za ta ninka gudu. Sai a waƙar ƙarshe, Rebirth, wadda doguwa ce, suka saki jiki suka sassauta, suka bar kiɗan ya yi numfashi ya sauya taki. Da sun kawo irin wannan a tsakiyar faifan da ya fi daɗin ji.

Wani ɗan'uwa ya tambaye ni ko ba kiɗan nan ne ake cewa na masu bautar shaiɗan ba. Gaskiya ne wasu ƙungiyoyi sun yi ado da irin waɗannan hotuna don tsoratarwa da neman kasuwa, kuma ba na ba kowa shawarar ya bi su. Amma ba wannan ne damuwar faifan da ke gabanmu ba. Damuwarsa yaƙi ne, kuma a nan ne nake da ƙorafi.

Jigo

A dubi sunayen kawai. Tailgunner shi ne sojan da ke zama a wutsiyar jirgin yaƙi yana harbi, kuma sunan wata waƙa ce da Iron Maiden suka buɗe faifansu na 1990 da ita. Crashdive nutsewar gaggawa ce ta jirgin yaƙi mai tafiya a ƙarƙashin teku. Warhead kan makami mai linzami ne. White Death laƙabi ne na Simo Häyhä, wani maharbin ƙasar Finlan da ya addabi sojojin Tarayyar Sobiyet a yaƙin hunturu na 1939 zuwa 1940. Shi ma wannan maharbi ba su ne suka fara waƙe shi ba, domin 'yan Sabaton na Suwidin sun riga su tun 2010, da wannan suna ɗin dai. Wato hatta gwarzon da suka zaɓa su yi wa kirari na aro ne.

Mai kare su zai ce ai magabatan ma haka suka yi. Wannan gaskiya ne, ba na musu. The Trooper ta Iron Maiden, ta 1983, a kan yaƙin Kirimiya na 1854 take, Aces High kuma a kan matuƙa jiragen yaƙin duniya na biyu. To amma magabatan ba a nan suka tsaya ba. A cikin British Steel akwai Breaking the Law, wadda muryar mutum ce da ya rasa aiki, ya rasa mafita, zuciya ta ɗebe shi. Saxon sun yi wa jirgin ƙasa mai aiki da kwal waƙa, sun kuma yi wa masu sauraronsu waƙa da irin tufafin da suke sawa. A 1984 Iron Maiden sun yi waƙa a kan fargabar yaƙin nukiliya, wadda a lokacin take hana mutane barci. Suna waƙar yaƙin littafi, suna kuma waƙar abin da ke cin su a ranar. Ƙafa ɗaya a tarihi, ɗaya a bakin masana'anta.

'Yan Tailgunner ƙafa ɗaya suka ɗauko. Ba kuma don abin faɗa ya ƙare a ƙasarsu ba. Shekara guda da 'yan watanni bayan fitowar faifan, a watan Satumba na 2024, aka kashe babbar tanderun narkar da ƙarfe ta ƙarshe a Port Talbot ta yankin Wales, dubban ma'aikata suka rasa abin yi. Tsaransu suna fama da tsadar haya da aikin da ba shi da tabbas. Na saurari faifan nan sau da dama ina neman wurin da zan ce, yauwa, ga saurayin 2023 yana magana da bakinsa, amma abin da ya fi tsaya mini a kunne shi ne saurayin 1983 da aka tono aka wanke aka sa wa sabuwar riga. Abin da ya ƙara ba ni dariya mai ɗaci shi ne, K.K. Downing, tsohon makaɗin Judas Priest wanda ya ɗauki samarin nan suna buɗe masa fage, yana da gidan kiɗa a Wolverhampton da aka sa wa suna KK's Steel Mill, a cikin ginin wata tsohuwar masana'anta. Maƙerar ta mutu, an bar sunanta a jikin allo ana sayar da tikiti.

Mu Hausawa ba mu ɗauki gado abin kunya ba. A wurinmu ma shi ne tushen makaɗi. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, a gidansu ya tarar da kiɗa, ya yi wa mahaifinsa da wansa amshi kafin ya zama shugaban kansa. Amma ba don ya maimaita su muke tunawa da shi ba. Ya ɗauki kotson gida ya kai shi gaban Sardauna da sarakunan zamaninsa, ya faɗi abin da idonsa ya gani. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da ɗan kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya ya dubi tashar mota ya yi wa karen mota waƙa, mutumin da ba wanda ya taɓa tunanin ya cancanci waƙa. Wannan shi ne gado. A gefe guda kuma duk mun sha zuwa biki mun ga wanda ya haddace waƙoƙin Shata, ya kwaikwayi muryar har da yadda yake jan numfashi, a yi masa liƙi a tashi. Ana jin daɗinsa, amma Shata ake tunawa, ba shi ba. A kan wannan ma'auni, Guns for Hire ya fi kusa da na biyun, ko da yake na yarda kwaikwayo ne na gwani, kuma a waƙoƙi biyu ko uku har yakan sa ka manta da wanda ake kwaikwayo.

Ba sai mun tsaya a Ingila ba don ganin yadda ake ɗaukar wannan ganga a yi magana da ita. A Gaborone ta ƙasar Botsuwana akwai 'yan Skinflint, waɗanda su ma tafarkin Iron Maiden da Black Sabbath suka bi, faifansu na farko ya fito a 2009. Amma da tafiya ta yi tafiya sai suka cika kiɗan da mayaƙa da fatalwa da tatsuniyoyin Afirka, har suka sa wa wani faifansu sunan gajeren mashin Zulu. A Lome ta ƙasar Togo akwai Arka'n Asrafokor, waɗanda a faifansu na farko na 2019 suka haɗa gitar lantarki da gangunan gargajiya, suna waƙa da harshen Ewe. Kusa da mu kuma ga Mdou Moctar, Buzun Nijar, wanda ya ƙera gitarsa ta farko da wayar birkin keke. Faifansa na farko a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, da irin na'urar gyaran murya ta mawaƙan finafinanmu, ya kuma yaɗu daga waya zuwa waya. Ba kiɗan ƙarfe yake yi ba, amma a Afrique Victime na 2021 gitarsa tana kururuwa kamar ta kowane Bature, kuma abin da take kuka a kansa halin da nahiyarsa take ciki ne.

Na ce a bakin shagon kawuna na saurari faifan nan, kuma ba banza na faɗa ba. Kano ma ta yi nata zamanin ƙarfe. Bompai ce ta fara tun zamanin Turawa, sa'an nan Sharaɗa da Chalawa suka biyo baya da masaƙu da majemu da masana'antun roba da na alewa da na mai. Manyanmu suna ba da labarin yadda jiniya ke kaɗawa da asuba, titi ya cika da kekuna, masu koko da ƙosai su yi layi a bakin ƙofofi. Daga 1986, da gwamnatin Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki aka karya darajar naira, kayan gyara da ɗanyen kaya na waje suka gagari masu masana'antu. Rashin wuta da kwararowar yadi mai araha daga waje suka ƙarasa da yawa daga cikinsu. Kawuna yana cikin waɗanda aka sallama daga wata masaƙa, da kuɗin sallamar da bai taka kara ya karya ba ya sayi injin walda. Yau in ka ratsa wasu layuka na Sharaɗa, akwai masu aiki har yanzu, amma akwai manyan gine-gine da suka koma ɗakunan ajiyar kaya, akwai kuma waɗanda ciyawa ta cinye ƙofarsu.

Abin da ya sami Birmingham ke nan, kusan a lokaci guda. Su sun fita da kiɗa daga ciki. Mu fa? Ni dai tun tasowata a unguwar nan waƙoƙin da ke tashi daga shagunan caji da na masu tura waƙa a waya na soyayya ne da na 'yan siyasa da na amare, a kan fiyano da kwamfuta. Ban tashi na ji 'yan unguwarmu suna rera waƙar jiniyar asuba ba, ko ta ranar da aka liƙa takardar sallama a jikin ƙofa, ko ta ruwan majema da ke canza wa rafi launi. Don haka ina zargin samarin Birtaniya da barin abin da ke gabansu, amma ina yi ne da sanyin jiki, domin su ko ba komai sun riƙe gangar. Mu dundufar ma sai a littafin aji yawancinmu muka san ta.

Ga wanda yake son gwadawa, shawarata ya fara da White Death da Crashdive, sa'an nan ya tsallaka zuwa Rebirth. In ya ji abin ya shige shi, to ya nemi British Steel ya saurara, zai ji bambancin da nake ta faɗa. Kada kuma ya saurara da ƙaramin lasifikar waya, domin babbar gitar ba ta fitowa, kuma ita ce ƙashin bayan abin.

Ranar da na fara sa wa kawuna faifan, an ɗauke wuta, yana zaune a kan benci yana jiran a kawo. Na miƙa masa abin sawa a kunne. Ya yi shiru har waƙa ɗaya ta ƙare, yana ɗan gyaɗa kai, sa'an nan ya cire ya ce, "Kai yaro, wannan ai ƙarar ɗakin saƙa ce in an tayar da injuna duka. Su waɗannan a wace masana'anta suke aiki?" Na ce, "Kawu, makaɗa ne kawai, iyayen gidansu ne suka yi aikin masana'anta." Ya ce in sake sa masa ta farkon. Muna cikin ta biyu aka kawo wuta, ya miƙo mini wayata ya jawo tabaransa.